Takobi Ya Riga Kofi: Tarihin Kokowa da Ƙwallo Daga Madarumfa Zuwa Amurka

A shekarar 1975 an yi abubuwa biyu a fagen wasanni, ɗaya a birnin New York, ɗaya a Tawa. A New York, ƙungiyar Cosmos ta zuba kuɗi masu kauri ta ɗauko Pele, ɗan Brazil ɗin nan da ya ci kofin duniya sau 3, da fatan zuwansa zai sa Amurkawa su rungumi ƙwallon ƙafa yadda sauran duniya ta rungume shi. A Tawa kuwa, gwamnatin soja ta Seyni Kunce ta tara ƙarfafan ƙasa daga kowace jiha, aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa karo na farko. Wani ɗan Maraɗi, Yakuba Ango wanda aka fi sani da Kantu, shi ya ɗauki takobin.

Gasar da aka kawo Pele ya ɗaga ta rushe bayan wasannin 1984. Wadda Kantu ya buɗe da nasara ta haura karo 40, kuma har yau in ana yin ta, daga kasuwa zuwa tasha zuwa ofis, hankalin kowa yana wajen rediyo da talabijin. Ana yawan tambaya, me ya sa ƙwallon da ya ci duniya ya kasa zama na ɗaya a Amurka? Mutumin Madarumfa zai iya gane amsar yana zaune a ƙofar gidansa, domin a ƙasarsa ma ƙwallo ya zo ya tarar da wani wasa ya riga ya zauna daram. Hausawa sun ce wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi.

Ƙasar gulbi da rumbu

Madarumfa tana kudu da Maraɗi da kilomita 20 da ƴan kai, a bakin tafkin da ya fitar da sunanta, wanda al'ada ta ce kaburburan waliyyai 99 ne ke kewaye da shi. Gundumar ta haɗa da Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Ga dajin Baban Rafi, ga Gulbin Maraɗi da ke shigowa daga wajen Jibiya yana shayar da fadamu. Yawancin mutanenta Katsinawa ne. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836. Ƙarni na 19 a wannan yanki ƙarni ne na hari da ramuwa, lokacin da gari ke lissafa ƙarfin samarinsa cikin dukiyarsa.

Kokowa tana cikin rayuwar manoman wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa da nisa, kuma tana da lokacinta. Da damina ba mai sukunin wasa, kowa na duƙe a gona. Sai an yi girbi, gero ya shiga rumbu, ciki ya ɗauka, jiki ya murmure, sannan ganga ke tashi. Samarin wannan ƙauye su ɗunguma su je wancan, a kwana ana karawa, wata rana su ma a zo musu ramuwa.

Bayan la'asar ake fara taruwa a dandali ko a bakin kasuwa. Makaɗi ya saɓa gangarsa ya fara taken wani gwarzo, yara su yi da'ira, dattawa su zauna gaba, ƴan mata su tsaya gefe guda da tallarsu. Ɗan kokowa ya fito da walki, layu da guraye a damtse da ƙugu, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, ya yi kirari yana ambaton ubansa da garinsu da waɗanda ya taɓa kayarwa. In ya sami abokin karawa sai su sunkuya, goshi kusa da goshi, kowa na laluben hannun ɗan'uwansa yana tsaron ƙafarsa. Ana iya daɗewa a haka, ba abin da ke motsi sai yatsu da idanu. Can sai ɗaya ya sure ƙafa ko ya sa taɗiya, ƙura ta tashi, guɗa ta biyo baya. Wanda ya yi kaye kuma shi ke miƙa hannu ya ɗaga wanda ya faɗi.

Wannan wasa bai nemi komai daga waje ba. Fage yashi ne, alƙali dattijon gari ne, doka kuwa ko tsohuwa ta san ta: wanda ya faɗi ya faɗi. Ya kuma ba kowa abin yi. Makaɗi da maroƙi suna cin abinci a ciki, malami da boka suna da masu zuwa neman sa'a, mai tuwo da mai fura suna ciniki, saurayin da ya yi kaye sunansa yana kai wa gidajen da ake da ƴan mata. Mahauta suna da dambensu, Fulani suna da sharo, yara suna da langa, amma kokowa ta kowa ce. Mutuncin ƙauye gaba ɗaya yana rataye a wuyan yaro ɗaya na ɗan lokaci, shi ya sa wanda bai taɓa shiga fage ba ma zuciyarsa ke bugawa.

Ƙwallo ya zo a makare

A 1863 aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a Landan, aka rubuta dokokin wasan. Daga nan ya bazu ta hanyoyi sanannu: tashoshin jiragen ruwa, layin dogo, makarantun mishan da barikin soja. Haka ya isa Buenos Aires, haka ya isa Legas da Akara da Dakar. Nijar ba ta da teku, kuma Faransawa ba su shimfiɗa mata layin dogo ba. Ta daɗe a hannun soja, sai a 1922 aka mayar da ita cikakkiyar ƙasar mallaka, a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Makarantun boko ƴan kaɗan ne, waɗanda suka shiga su kuma ba su taka kara sun karya ba in aka kwatanta da yawan jama'a. Abin da ya fi damun masu mulki a Maraɗi shi ne gyaɗa da haraji. Don haka ƙwallo ya daɗe yana wasan ƴan lakwal da sojoji da ma'aikatan gwamnati a manyan garuruwa. Sai bayan samun ƴancin kai a 1960 aka kafa hukumar ƙwallo ta ƙasa, ta shiga FIFA a cikin shekarun 1960.

A ƙetare iyaka ta Ɗan Isa a ga yadda labarin ya sauya. Iyakar nan da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906 ta raba ƴan uwa ne masu harshe ɗaya da kokowa ɗaya. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, inda malamai Ingilishi suka sa wasanni cikin tarbiyyar ɗalibai, kuma waɗannan ɗalibai su ne suka zama malamai da shugabannin Arewa. Fadar Katsina ta ɗauki ƙwallon dawaki tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna a Najeriya, Kano ta ci shi a 1953. Raccah Rovers ta Kano ta zama zakaran ƙasa a 1978, Najeriya ta ci kofin Afirka a 1980 da zinaren Olamfik a Atlanta a 1996, Kano Pillars kuma ta lashe gasar ƙasa sau 4 tsakanin 2008 da 2014.

Kokowa da dambe ba su mutu a Katsina da Sakkwato da Kano ba. Har yau ana cika gidajen dambe, ana kuma tuna mawaƙin dambe Ɗan Anace da gwarzonsa Shago. Sai dai a can makaranta da gwamnati da jarida sun jingina ƙarfinsu ga ƙwallo, wasannin gargajiya suka tsaya a matsayin abin kasuwa da biki. Wannan ya nuna tsufan al'ada kaɗai ba ya isa ya riƙe wa wasa matsayinsa. Sai an sami wanda ya gina masa gida a cikin sabon zamani.

Abin da aka gina a 1975

Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa na fama da raɗaɗin fari da yunwa. Gwamnatinsa ta nemi abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace a inuwa guda ba tare da jam'iyya ba. Ta farfaɗo da samariya a kowane gari, ta kuma ɗauko kokowa daga dandalin ƙauye ta ba ta tsarin ƙasa.

Tsarin mai sauƙi ne, kuma sauƙinsa ne ƙarfinsa. Ana tace ƴan kokowa tun daga ƙasa, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha. A yau kowace daga cikin jihohi 8 tana kawo mutum 10, su 80 ke nan, a shafe kwanaki kusan 10 ana karawa a fagen yashi da aka kewaye da buhuna. Kullum ana ƙirga waɗanda ba su faɗi ba, adadinsu na raguwa, har a kai ga biyun ƙarshe. Wanda ya yi saura a tsaye shi ake naɗa wa rawani, a sa masa babbar riga, a ba shi doki da kuɗi, a miƙa masa takobi. Gasar kuma tana zagayawa, bana a wannan jiha baɗi a waccan, don haka Agadas da Difa sun karɓi baƙi kamar yadda Yamai ta karɓa.

Sai rediyo ya ƙarasa aikin. Muryar Sahel ta riƙa kawo karawar kai tsaye cikin harsunan ƙasa, daga baya talabijin ya shigo. Manomin Gabi da bai taɓa taka Damagaram ba ya san sunan Langa-Langa, ya san Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa, yana iya yi maka musu a kan wanda ya fi wani iya shiga ƙafa. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar shayi ranar karawar ƙarshe ya san yadda abin yake: a kewaye rediyo ɗaya, mai shayi ya manta da butarsa a kan gawayi, in mai sharhi ya ɗaga murya kowa ya miƙe tsaye kafin a ji ma wa ya faɗi. In ɗan jiha ne ya yi kaye, kafin a jima babura sun cika titi da oda.

Gasar ba ta kori kayan gargajiya don ta yi kama da wasan Turawa ba. Makaɗa suna nan, kirari yana nan, layu suna nan, ga ƴan cali-cali masu kwaikwayon ƴan kokowa suna ba jama'a dariya tsakanin karawa da karawa. An ƙara alƙalai da agogo da rubutacciyar doka, amma tsohon da ya zo daga ƙauye yana gane wasan kakanninsa. An kuma girmama mazajen farko ta hanyar da jama'a ke gani: babban fagen Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Bayansu aka yi su Balla Haruna, Labo Maikafo, Umaru Bindigau da Laminu Mai Daba, har zuwa Kadri Abdu na Doso, wato Isaka Isaka, wanda ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023.

Daga nan kokowar ta leƙa waje. An sa ta cikin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a 2005, Yamai ta kuma sha karɓar gasar kokowa ta ƙasashen Afirka ta Yamma, inda aka riƙa haɗuwa da Sanagal, wata ƙasar da kokowa ke cika filin wasa a Dakar. Lambobin Olamfik biyu da Nijar ta fara samu ma daga wasannin gaba da gaba suka fito: tagullar Isaka Dabore a damben zamani a Munich a 1972, da azurfar Abdulrazak Isufu Alfaga a tekwando a Rio a 2016.

Yadda Amurka ta cika fagenta

Labarin Amurka ya bi irin wannan hanya, sai dai su nasu wasannin a ƙarni na 19 suka ƙera su. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 ɗaliban jami'o'in Rutgers da Princeton suka buga wasan da ake ɗauka shi ne na farko tsakanin jami'o'in ƙasar, kuma ya fi kama da tamola, don da ƙafa aka fi buga shi. Amma jami'ar Harvard tana da nata salon mai ɗaukar ƙwallo a hannu. A 1874 ta kara da jami'ar McGill ta Kanada a wasan zari-ruga, abin ya burge ta, sauran manyan jami'o'i suka bi sahu. Daga 1880 Walter Camp na jami'ar Yale ya dinga gyara dokoki har wasan ya rikiɗe ya zama zari-ruga irin ta Amurka.

Kafin wannan ma besbol, wasan sanda da ƙaramin ƙwallo, ya riga ya shiga jinin ma'aikata da ƴan birni, an kafa babbar gasarsa ta National League a 1876. Son a ce wasan nasu ne na gado ya kai har wani kwamiti da attajirin kayan wasanni Albert Spalding ya sa aka kafa ya yanke hukunci a 1907 cewa wani soja mai suna Abner Doubleday ne ya ƙago besbol a garin Cooperstown a 1839. Masana tarihi sun rushe wannan labari daga baya, amma ya nuna yadda ƙasar da ta ƙwaci kanta daga Ingila ba ta son a ce wasanta aro ne daga Ingila. A 1891 kuma James Naismith ya ƙago ƙwallon kwando a Springfield ta jihar Massachusetts, don ɗalibai su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin sanyi.

Da haka shekara ta rabu. Besbol ya riƙe bazara zuwa kaka, zari-ruga ta riƙe kaka zuwa tsakiyar hunturu, kwando da hokin ƙanƙara suka cike abin da ya rage. Kowane wasa kuma yana da tsaninsa. A zari-ruga, daren Juma'a na makarantun sakandare ne, Asabar ta jami'o'i, Lahadi ta ƙwararru. Ƙaramin gari yana fitowa kwansa da kwarkwata don kallon yaran makarantarsa, kamar yadda ƙauye ke raka ɗan kokowarsa. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Masana biyu, Andrei Markovits da Steven Hellerman, sun bayyana a littafinsu mai suna Offside na 2001 cewa tsakanin 1870 da 1930 ne kowace ƙasa mai masana'antu ta zaɓi wasannin da za su zama nata, kuma wanda bai sami wuri a lokacin ba shigarsa daga baya tana da wuya.

Ƙwallon ƙafa ya gwada sa'arsa. A 1921 aka kafa gasar ƙwararru a arewa maso gabashin ƙasar, ƙungiyoyi irin su Fall River Marksmen da Bethlehem Steel suka riƙa tara jama'a a garuruwan masaƙu da ƙarafa, har suna ɗauko ƴan wasa daga Sikotilan. Rigimar shugabanci ta ɓarke a 1928, tattalin arziki ya karye a 1929, masana'antun da ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyi suka durƙushe, gasar ta watse a 1933. Amurka ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na farko a 1930. A 1950 ta doke Ingila da ci 1 da nema a Belo Horizonte ta Brazil, ɗan asalin Haiti Joe Gaetjens ya ci ƙwallon, amma a gida labarin bai yi wani tasiri ba. A idon yawancin Amurkawa wasan baƙi ne, na waɗanda ba su daɗe da sauka daga jirgi ba, ƴaƴan baƙin kuma sun fi son su riƙe sandar besbol don a san su ma ƴan ƙasa ne.

Da talabijin ya zo, ya tarar da wasannin gida masu yawan tsayawa, inda ake cusa talla a kowane hutu. Ƙwallon ƙafa kuwa minti 45 ne ba tsayawa. Wasan ƙarshe na zari-ruga, wato Super Bowl, yana tara masu kallo sama da miliyan 100. Cosmos ta taɓa tara mutum sama da 77,000 a wasa ɗaya a 1977, amma da Pele ya yi ritaya a shekarar, sauran taurari suka tsufa, sai aka ga ginin ba shi da tushe a makarantu da unguwanni. Akwai kuma batun kuɗi. A Madarumfa yaro yana ɗaure tsumma ya buga a lungu ba takalmi. A Amurka yawancin yaran da ke son su yi nisa a ƙwallon ƙafa sai iyayensu sun biya wa ƙungiya kuɗi masu yawa, ɗan talaka kuwa ya fi samun kwando a filin unguwa kyauta.

Rabon ƙwallo a gida

Ba za a ce ƴan Nijar ba sa son ƙwallo ba. Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakaran ƙasa a 1983, kuma birnin yana da ƙungiya mai ɗauke da sunan Ɗan Kasawa. Babban filin wasa na Yamai da aka buɗe a 1989, mai ɗaukar mutum 35,000, sunan Seyni Kunce yake ɗauke da shi. A Oktoban 2010 ƙungiyar ƙasa, wato Mena, ta doke Masar, mai riƙe da kofin Afirka, da ci 1 da nema a wannan fili, Musa Mazu ya ci. A ƙarƙashin mai horarwa Haruna Dula ta tsallake gaban Afirka ta Kudu da Saliyo da Masar ta je kofin Afirka na 2012, karo na farko a tarihi, ta sake zuwa a 2013. Ƴan ƙasa da shekara 17 sun je kofin duniya a Indiya a 2017, suka doke Koriya ta Arewa. A Fabrairun 2019 Maraɗi da Yamai suka karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, wadda Mali ta lashe.

Duk da haka, mafi yawan soyayyar ƙwallo a garuruwanmu waje take tafiya. Gidan kallo yana cika in Real Madrid da Barcelona za su kara, matasa suna musu a kan Arsenal da Chelsea har murya ta dishe, amma kaɗan ne cikinsu za su iya lissafa maka ƴan wasan ƙungiyar jiharsu. A kokowa kuwa gwarzon na gida ne. An san ƙauyensu, an san gonar ubansa, wani ma ya taɓa cin tuwo kwano ɗaya da shi. Yana magana da harshen da mai kallo ke ji, makaɗinsa yana ambaton garuruwan da mai kallo ya sani. Wannan kusanci shi ne abin da Ba'amurke ke samu a ƙungiyar makarantar garinsu, kuma shi ne abin da kuɗin Cosmos suka kasa saya.

Matsayi ba gado ba ne

Tarihin Amurka yana da wani darasi da ya kamata masu son kokowa su saurara. A farkon ƙarni na 20 damben zamani da sukuwar dawaki suna sahun gaba a can, yau sun koma baya. Besbol da kansa ya sauka daga matsayi na ɗaya, zari-ruga ta hau, tun wajajen shekarun 1960 zuwa 1970. Ƙwallon ƙafa kuma yana hawa a hankali, wannan karon daga ƙasa. Dokar 1972 da ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da gwamnati ke tallafa wa ta buɗe wa ƴan mata fili, har matan Amurka suka ci kofin duniya sau 4, a 1991, 1999, 2015 da 2019. Kofin duniya na maza da aka yi a can a 1994 ya tara ƴan kallo kusan miliyan 3 da dubu 600. Gasar MLS da ta fara da ƙungiyoyi 10 a 1996 ta kai 30 a 2025, Lionel Messi ya koma Inter Miami a 2023, aka kuma ba Amurka da Kanada da Meziko damar karɓar baƙuncin kofin duniya na 2026. Miliyoyin baƙi daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka sun zo da son wasan a jininsu. Abin da yara ke bugawa yau shi manya za su biya kuɗi su kalla bayan shekara 20.

A nan ne hankali ya kamata ya koma ƙauyukan Madarumfa. Takobi a babban birnin jiha ake ba da shi, amma a dandalin ƙauye ake haifar mai ɗaukarsa, kuma dandalin nan yana fuskantar matsi. Samarin da a da ke zagaya ƙauyuka bayan girbi yanzu da yawa suna tafiya cin rani tun gero bai gama shiga rumbu ba, wasu Najeriya, wasu Libiya da Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinariya. Ƴan bindigar da suka addabi bakin iyaka a ƴan shekarun nan, da satar shanu da satar mutane, sun sa taron dare ya zama abin tsoro a wasu ƙauyuka. Waya kuma ta kawo wa yaro gasar Ingila har cikin ɗakin uwarsa. In kokowar ƙauye ta yi rauni, gasar ƙasa za ta ci gaba da haske na wasu shekaru, sannan a wayi gari ana neman ƴan kokowa ana rasawa.

Maganin ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Kowace ƙaramar hukuma a gundumar, daga Safo zuwa Ɗan Isa, tana iya tsayar da gasar kaka mai rana sananniya, da rana tsaka in dare ya gagara, da ajin yara da na matasa. Makarantun firamare suna iya ware fagen yashi kusa da filin ƙwallo, domin yaro ɗaya yana iya yin duka biyun. Attajiran Maraɗi da ke ba da kyauta ranar takobi suna iya kai wani kaso ga gasar ƙauye da kuma tsofaffin ƴan kokowa da ƙarfi ya ƙare musu. Akwai kuma aikin da ba ya jira: a zauna da tsofaffin ƴan kokowa da makaɗansu a ɗauki muryarsu, a rubuta wa ya kara da wa, a wane gari, a wace shekara, a adana faya-fayan rediyo na gasannin farko. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi tana da ɗaliban da za su iya wannan aiki. Amurkawa sun rubuta tarihin besbol wasa bayan wasa tun ƙarni na 19, shi ya sa jika ke iya musu da kakansa da hujja a hannu. Mutanen da suka ga kokowar Kantu da idonsu suna raguwa kowace shekara, kuma abin da suka sani ba ya cikin wani littafi. A je a same su tun suna da rai.